Sagarar Balki da Baƙon Yauri

A shekarun da suka biyo bayan annobar da ta share shanu daga Barno har Gobir, akwai wata mata a Matameye mai suna Balki, wadda mutanen unguwarsu suka haƙiƙance da hannunta a cikin annobar. Ba wanda ya fito ya faɗa ƙarara. Amma mijinta na biyu mai garke ne, ya aure ta da kaka, kafin damina ta sauka ko ɗan maraƙi bai rage masa ba, kuma mutane suna da ido. Shanun Fulanin da ba su taɓa jin sunanta ba su ma sun mutu, amma wannan bai dami kowa ba. Mijinta na farko kuwa zazzaɓi ne ya ɗauke shi tun lallen biki bai gama fita daga tafin ƙafarta ba. Da aka haɗa na farko da na biyu sai aka sami amsa: Balki farar ƙafa gare ta, duk gidan da ta taka sai arziki ya tsallake danga ya gudu.

Duk da haka Idrisa mai kanwa ya aure ta. Mutum ne marar hayaniya, yana da jakuna biyu da uwa ɗaya, kuma a cikin ukun nan jakunan kaɗai yake iya juyawa. Uwar tasa, Baiwa, ba ta hana auren ba. Ta bari aka gama biki, aka wanke tukwane, sannan ta kira amarya ta miƙa mata wata 'yar tsakuwar kaza ja da gashi bai gama rufe wuyanta ba.

“Ungo, 'yar nan. Taki ce halak malak. Mu ga hannunki.”

Da yamma kuma ta yi wa ɗanta magana a bayan zana, da muryar da ta tabbata za ta ƙetare zanar. “In ta yi ƙwai, to mun yi suruka. In ta mutu a hannunta, ka san inda ƙorenta suke, ka kuma san hanyar Icirnawa.”

Idrisa ya ce, “To, Inna.” Abin da yake cewa ke nan ko da an ce masa rana ta fito daga yamma.

Icirnawa can ne gidan yayan Balki, inda ta yi zawarci sau biyu a wani ɗaki da ake ajiye harawa. Ba ta son na uku. Ban da haka ma tana son gidan nan. Akwai inuwar kurna a tsakar gida, rijiya ba nisa, kuma Idrisa in ya dawo daga fatauci yakan ajiye mata dabino a ƙarƙashin faifai ba tare da ya ce komai ba. Saboda haka ta reni tsakuwar nan kamar 'yar sarki. Ta tono mata gara a bayan gari, ta keɓe mata tsaki mai laushi, in shirwa ta gitta a sama sai ta saki taɓarya ta fito tana ihu tana kaɗa zane. Tsakuwa ta zama sagara, wato budurwar kaza, ta yi ɓul-ɓul, tsoron kanta ya yi ja wur. Har A'ishatu maƙwabciya, wadda bakinta ya fi kowa yaɗa maganar farar ƙafa, ta fara leƙowa ta kan danga tana cewa ita dama ba ta taɓa yarda ba.

Sai wata safiya, bayan an kai gero rumbu, Balki ta buɗe akurki ta watsa tsaki. Kajin Baiwa suka yi ca a kai. Jar ta fito a ƙarshe, tana tafiya ƙafa a ware, jela a ƙasa. Ta tsaya kan tsakin, ta karkata kai ta dube shi da ido ɗaya, kamar matar attajiri da aka miƙa wa ƙanzo, sannan ta juya baya.

Balki ta ruga bayan gari. Ta ɗebo gara a sakaina ta ajiye mata. Garar na yawo har kan yatsun kazar, ko kallo ba ta yi musu ba. Ta jiƙa dusa, ta murmusa fura, ta tauna gyaɗa ta tofa a tafin hannu ta kai mata baki. Sagara ta lumshe ido.

A ƙofar ɗakinta Baiwa tana zaune tana kaɗi, mazari na juyawa. A nan take wuni, kuma daga nan take ganin duk abin da ya motsa a gidan. Balki ta sunkuci kazar ta rufe ta da gefen mayafi ta yi ɗaki da ita, ta kifa mata kwando a bayan randa.

“Ina jar taki?” in ji Baiwa da ta fito.

“Tana ɗaki, Inna. Shirwa ce ke shawagi.”

Baiwa ta ɗaga kai ta dubi sama. Ko ƙuda babu. Ta ce, “Uhm,” ta ci gaba da kaɗinta.

Wunin ranar Balki ba ta zauna ba. Ta ɗora tukunya ta manta ba ta hura wuta ba. Ta tafi rijiya ta dawo da tulu rabi, don tana cikin ja sai ta ji a jikinta kazar ta mutu. Ta ɗaga kwando, kaza na nan tsaye tana numfashi da baki a buɗe. Ta mayar da kwando, ta yi taku kaɗan, ta dawo ta sake ɗagawa. A gidan akwai tsohuwa da ta shekara hamsin tana kiwon kaji, zaune a nesan da ko raɗa aka yi za ta ji. Amma wanda ake yi wa shari'a ba ya zuwa wurin alƙali neman shawara, don haka Balki ta nufi danga ta kira A'ishatu a hankali.

“Indo! Ke Indo! Zo ki ji, amma don Allah bakinki.”

“Ni? Yaushe kika taɓa jin magana a bakina?”

Da ta ji labari sai A'ishatu ta dafe ƙirji, fuskarta ta cika da irin tausayin da ke sa mutum ƙaiƙayin fita unguwa. Ta ce a jiƙa barkono a ɗura mata. In bai yi ba, gautan kura. In shi ma bai yi ba, toka da kanwa, tun da kanwa ba ta yi musu wuya ba a gidan. Balki ba ta tsaya bin su ɗaya bayan ɗaya ba, ta haɗa duka a ludayi guda ta buɗe bakin kaza ta ɗura. Sagara ta yi atishawa, ta girgiza kai, ta dubi Balki da kallon da ba a taɓa yi mata irinsa ba ko a gidan mijinta na biyu. Tsaba dai ba ta ci ba.

Washegari, ranar kasuwar Matameye, kaza ta daina tsayuwa. Ta kwanta a ƙarƙashin kwando, fukafukai a sake, tana yunƙuri lokaci-lokaci kamar mai son tashi ta fasa. A'ishatu ta leƙo tun kafin a kira ta.

“Tawa ma haka ta yi bara. Da hantsi tana kwance, kafin azahar mun jefa ta bayan gari. Ni abin da ya ƙona mini rai, da na sa an yanka ta da wuri, da ko romo mun sha. Ai wadda aka yanka ba a cewa ta mutu.”

Balki ta tsaya da muciya a hannu. Baiwa cewa ta yi in ta mutu. Ba ta ce in an yanka ta ba. Kazar da ta faɗi da kanta mushe ce, shaida ce a kan ƙafar mai ita. Wadda aka sa wa wuƙa da bisimilla kuwa nama ce, kuma ba a taɓa korar mace don ta dafa nama ba.

Sai dai a Matameye ta wancan zamani ba a yanka kaza haka kawai don miya ta yi daɗi. Mace ta tashi ranar da ba salla ba, ba suna ba, ta ce a yanka mata sagarar da ke gab da fara ƙwai, ai ta tona wa kanta asiri ke nan. Dole sai da baƙo. Kuma ba kowane baƙo ba. Maƙwabci fura ake dama masa. Abokin fataucin maigida tuwo da miyar kuka ya ishe shi. In danginta ne suka zo ta yanka musu, za a ce ta fara kwashe gidan miji tana kai wa gidansu. Baƙon da ya cancanci kaza sai ya kasance babba, daga nesa, kuma dangin miji, wanda ita Baiwa da kanta ba za ta iya buɗe baki ta ce bai kai ba.

Balki ta ɗauki faifan daddawarta, ta ce wa Baiwa za ta kasuwa, ta fita neman baƙo.

Kasuwa ta cika. Mutanen Kance sun kawo tabarmi, Bugaje sun durƙusar da raƙuma a gefen masu gishiri, mahauta na korar ƙuda. Balki ta ajiye faifai wurin wata mai kuka ta shiga kutsawa tana leƙen fuskoki. Ta hango wani malami daga Kance, ɗan baffan marigayi uban Idrisa, mai gemu har ƙirji, baƙo na gani na faɗa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce gida na nan kusa, ko zai taka ya sa albarka. Ya sa mata albarka a nan inda take, ya ce azumin nafila yake yi, kuma kafin la'asar zai kama hanya. Ta tambayi masu tukwane ko mijin gwaggon Idrisa ya zo. Ya zo, ya sayar, ya tafi. Sai kazar ta faɗo mata a rai, ta tattara zane ta ruga gida, ta wuce Baiwa tana cewa ta manta da mayafi alhali mayafin na kanta, ta ɗaga kwando. Da rai. Ta koma kasuwa da gudu. Wata mata ta tare ta tana son daddawa, Balki ta dube ta kamar ta yi mata magana da Barbarci.

Rana ta take tsaka lokacin da ta ji wata murya daga ƙarƙashin gawo tana yi wa wani mai jaki rantsuwa cewa igiyar nan ko giwa aka ɗaure da ita sai dai giwar ta tsinke. Sallau ne mai igiya, mutumin Yauri ta ƙasar Kance, ƙanen Baiwa uwa ɗaya uba ɗaya.

Balki ba ta taɓa ganinsa a gidan ba, amma ta san labarinsa, don kowa ya sani. Shekarun baya ya biyo ta gidan yayarsa shan ruwa ranar wata kasuwa, aka yi kuskure aka sa masa man shanu a tuwo. Bai tashi ba sai da aka yi shuka. Tun daga lokacin, in ya zo kasuwa Baiwa takan aika masa da gaisuwa da ƙullin goro tun da hantsi, don kada ya wahalar da kansa ya kawo gaisuwar da ƙafarsa. Balki ta tsaya ta auna. Babba ne. Daga nesa yake. Dangin miji ne, na jini. Sauran halayensa kuwa ba yau za a yi shari'arsu ba.

Ta durƙusa. “Kawu, ina wuni? Ni ce matar ɗanka.”

“A'a! Amaryar Idi? Ke ce wadda ake cewa...” Ya haɗiye sauran, ya saci kallon ƙafafunta. “Madalla, madalla. Ina Yaya?”

“Tana gida. Kawu, a ce ka zo garin nan ka koma ba ka taka gidan ɗanka ba? Ni ko ruwa ban taɓa ba ka ba.”

Sallau ya kanne ido ɗaya. “Yaya ce ta aiko ki?”

“Ni ce na zo da kaina. Kaza zan sa a yanka maka.”

Igiyar da ke hannunsa ta sulale ƙasa. “Kaza? Sukutum? Ko dai irin ta Yaya, wadda ake nuna wa tukunya fiffike ɗaya a ce an yi miyar kaza?”

“Sukutum, Kawu. Amma sai mun yi sauri.”

Sauri kuwa ba ya cikin abin da Allah ya hore wa Sallau. Sai da ya gama cinikin igiyar giwa. Sai da ya naɗe sauran ɗaya bayan ɗaya, ya warware wata don ba ta naɗu daidai ba. Balki ta ɗora dammin igiyoyin a kanta, faifan daddawa a hannu, ta yi gaba. In ta waiga sai ta gan shi tsaye yana gaisawa da wani makaho, yana tambayarsa lafiyar mutanen da suka mutu tun zamanin yunwa. Ya tsaya wurin masu taba ya ɗanɗana. Ya tsaya bakin marina ya ba marina shawara a kan shuni. Kowa ya gamu da shi sai ya shaida masa cewa gidan ɗansa za shi, an yanka masa kaza. Balki tana tafe tana dawowa kamar akuyar da aka ɗaure da doguwar igiya, a zuci tana roƙon Allah ya riƙe ran kaza guda ɗaya, ba don halinta ba.

“Ke 'yata, wai gobara ake yi a gidan?”

“Kada rana ta yi maka yawa ne, Kawu.”

“Allah sarki. Ka ji 'yar mutunci. Kuma a ce wai ƙafarta...” Ya sake haɗiyewa.

Da suka yi sallama, mazarin Baiwa ya tsaya cak. Ta dubi ƙanenta, ta dubi dammin igiya a kan surukarta, wanda ya yi mata kama da kayan mai shirin zama.

“Sallau. Ba a kai maka goron ba?”

“An kai, Yaya, na ci. Ai 'yar nan ce ta ce lallai sai na zo. Kin yi dace da suruka, wallahi.”

Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin kurna, aka shiga gaisuwa, ana tambayar Yauri gida-gida. Balki ta ajiye ruwa ta faɗa ɗaki. Kaza na kwance, ido a rufe, wuya a lanƙwashe. Ta taɓa ta da yatsa. Shiru. Ta ce innalillahi, ta sake tsikarinta da ƙarfi. Ido ɗaya ya buɗe. Ta sunkuce ta ta fito, ta riƙe ta tsam a ƙirji yadda ba za a ga wuyan na lilo ba. Daidai nan Idrisa ya shigo da jakunansa daga kasuwa, farin kanwa har gira.

“Maigida, ga Kawu ya zo. A yanka masa wannan.”

Baiwa ta ajiye abawa a cikin kwando a hankali.

“Wannan? Ga zakara can yana ta cika mana kunne tun asuba, me ya sa sai wannan?”

“Zakaran naki ne, Inna. Ni kuwa ni na gayyato Kawu. Ba zan yi baƙo in yi masa kyauta da abin wani ba. Ita kaɗai gare ni, ke kika ce tawa ce halak malak.”

“Allahu akbar!” in ji Sallau daga kan tabarma. “Ita kaɗai gare ta, kuma ta ba ni! Yaya, kin ji? Ke da kike da goma sha wani abu, yaushe rabon...”

“Sallau, sha ruwanka.”

Baiwa ta daɗe tana kallon Balki. In ta hana, ya zama ta yi wa ɗan'uwanta rowar kazar da ba tata ba, a gabansa, kuma kafin magariba labari ya isa Yauri a bakin mai shi. A kan danga kuma ga ɗankwalin A'ishatu ya ɓullo, wai tana shanya. Baiwa ta ɗauki mazarinta.

“Ɗan nan, ka ji abin da matarka ta ce.”

“To, Inna.”

Idrisa ya karɓi kazar. Da ta sauka a hannunsa ya ji yadda ta yi laƙwas, ya dubi matarsa, ita kuma ta dubi ƙasa. Sai dai mutumin da ko ɗaurin jaki yakan ɗauke shi rabin hantsi, ranar nan ko wasa wuƙa bai tsaya yi ba. Ya fuskanci gabas, ya take fukafukai, ya yi bisimilla. Balki ta zura wa kazar ido, don in kaza ba ta motsa ba bayan wuƙa, mushe ce aka yanka, kuma duk gudun da ta sha ya tashi a banza.

Sagara ta yi tsalle. Ta bugi turmi, ta kifar da ƙwaryar ruwan baƙo, ta zagaya gindin kurna tana fesa jini a rigar Sallau, ta tarwatsa kajin Baiwa, sannan ta faɗi a gaban mai kaɗi. Rabon da a ga irin wannan ƙarfi a jikinta tun tana da lafiya.

“Kai, wannan kaza da ƙoshin lafiya take!” in ji Sallau yana goge riga.

Balki ta tafasa ruwa ta fige ta. Ta ɗauko wuƙa za ta fasa ciki ke nan sai inuwa ta rufe ta.

“Kawo nan,” in ji Baiwa. “Ni zan gyara.”

Tsohuwa ta zauna a kan kujera 'yar tsugune, ta tsaga cikin da kanta, ta zura yatsu biyu kamar mai neman abin da ta san inda ta ajiye shi. Ta zaro ƙwai guda, cikakke da ɓawonsa, ƙato, ya fi ƙarfin sagarar da ba ta taɓa yi ba, ya tokare a bakin mafita. Ta ajiye shi a ƙwarya. Ta sake zura hannu ta fito da curin ƙwayaye marasa ɓawo, jajaye, manya da ƙanana har zuwa masu kamar ƙwayar gero, sun yi cunkus kamar nonon kurna ya nuna. Ta ɗaga su a rana.

Balki ta dubi ƙwan. Ta durƙusa.

“Tun jiya da safe na ga tafiyarta,” in ji Baiwa, murya ƙasa-ƙasa don kada ta kai gindin kurna. “Ƙwan fari ne ya tsaya mata. Ɗan man shanu a yatsa, a zaunar da ita a ruwan ɗumi, da yanzu tana can tana cika gari da kyarkyara. Ina zaune ina jira ki zo ki tambaye ni. Sai na ji kina ɗura mata barkono.”

“Tsoro na ji, Inna.”

“Na sani. Na ga shirwar da kika gani.”

Ta juya ƙwan a cikin ƙwarya da ɗan yatsa. Balki tana jiran a ambaci Icirnawa. Har ta fara tunanin wanda zai ɗaukar mata ƙore, da yadda za ta bi ta bayan gari don kada ta ratsa kasuwa.

“Indo!” Baiwa ta ɗaga murya ba tare da ta waiga ba. “Tun da kina nan, sauko da idonki ki duba da kyau. Kin ga wannan? Kazar da ta tara wannan a cikinta, a hannun mai farar ƙafa ta tashi?”

“Ni dama, Inna, ban taɓa...”

“To ki je ki faɗa, yadda kika faɗi na farkon. Ki fara da gidan mai unguwa.”

Ɗankwali ya ɓace daga kan danga. Baiwa ta wanke hannu, ta dubi surukarta.

“Ƙafarki lafiya lau. Kanki ne dai ban sani ba. Amma da marar kai ana zama, ga shi na shekara talatin da ɗan nan.” Ta nuna gindin kurna da haɓa. “Wancan kuwa baƙonki ne. Da bakinki kika faɗa a gaban shaidu. Ba ya cin hatsin rumbuna, ba ya shan furata. Ke kika kawo shi, ke za ki ci da shi da daddawarki har ranar da Allah ya ɗaga shi.”

“To, Inna,” in ji Balki. Ta ji maganar ta fito mata daidai yadda take fitowa daga bakin mijinta, kuma ta gane cewa ta zama 'yar gida.

Kafin la'asar ta yi sanyi aka sauke tukunya. Sallau ya cinye cinya biyu da ƙirji, ya tsotse wuya, ya nemi curin ƙwan aka ce Baiwa ta riga shi. Ƙwan mai ɓawo Balki ta dafa wa Idrisa ta ajiye masa a ƙarƙashin faifai ba tare da ta ce komai ba. Da baƙo ya gama ya yi gyatsa ya yi hamdala, sai ya miƙe ya zagaya gidan yana duba rumfar jakuna, ya ƙwanƙwasa ginshiƙi, ya ce nan in an kewaye da zana ba laifi, iska ba ta shigowa. Ya ce ramar garin nan ma ta fi ta Yauri kyau, mutum zai iya tufka igiyarsa a nan hankali kwance. Ya tambayi Idrisa ko akwai mai zuwa Yauri cikin 'yan kasuwa, a faɗa wa iyalinsa kada su jira shi.

Da safe Balki ta buɗe akurki don sabo, ta watsa tsaki, kajin Baiwa suka yi ca a kai. Ta tsaya tana kallon wurin da Jar takan tsaya. Daga rumfar jakuna aka yi gyaran murya.

“'Yata, wai kunun nan sai an yi azahar ake shansa a garinku?”

Ta ɗauki taɓarya. Wannan kam, har aka yi shuka, ba a taɓa ajiye masa abinci ya juya baya ba.